Firinta mai launi shida ko mai huɗu, wacce ta dace da wankin hoto a gida?

Ɗan Samaru: Salamu alaikum jama'a. Hotunan Hawan Daushen bana sun cika min waya, ina so in riƙa wanke su da kaina a gida. Wani mai gyaran kwamfuta ya ce min duk firintar da ba mai launi shida ba asarar kuɗi ce in dai hoto za a buga. Haka ne?

Mai Hoto na Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Gaskiyarsa ƙanina. Duba Epson L805, ko L8050 da ta gaje ta. Bayan launuka huɗun da kowace ke da su, akwai ƙarin shuɗi mai haske da ruwan hoda mai haske. Su ne ke sa fatar fuska da sararin sama su fito sumul. Mai huɗu warwatsa ɗige-ɗige take yi don ta samar da hasken, a kumatun yaro za ka ga kamar an barbaɗa yashi.

Malam na Kongo: Alhaji ka cika zuzutawa. Wannan yashin sai mutum ya kai hoton bakin hancinsa zai gan shi. A girman inci 4 da 6 da ake sa wa a albam, Epson L3250 mai launi huɗu ta wadatar. Abin da ke ɓata wa mutane hoto takarda ce. A samu mai sheƙi, mai kauri, wadda aka rubuta giram 200 zuwa sama a kwalinta, sannan a shiga saiti a gaya wa firintar irin takardar da aka sa mata. Da yawa ba sa yi, sai launi ya fito a dafe su ce laifin na'ura ne.

Mai Hoto na Sabon Gari: Malam, ranar da ya so babban hoto na bango fa?

Malam na Kongo: Ya kawo maka shago ka samu na cefane.

Hajiyar Gyallesu: Ku duka kun bar jaki kuna dukan taiki. Ɗana, sau nawa za ka riƙa bugawa? Ni na saya da ɗoki, na wanke hotunan suna da na biki, na rufe ta da zani na manta. Hunturu ya shigo, ƙura da bushewar iska suka toshe kan da ke fesa tawada a takarda. Na buga hoton jikata ya fito da fararen layuka a fuska. In ka danna umarnin wanke kan, tawada yake zuƙa, ya zubar da ita cikin soson da ke ƙasa, shi ma soson in ya cika firintar ta tsaya. Launi shida kuwa hanyoyi shida ne masu iya toshewa.

Ɗan Samaru: Subhanallah. To Hajiya mene ne maganin?

Hajiyar Gyallesu: Ko hoto ɗaya ne ka buga duk mako. Kuma ka kashe ta da maɓallinta, kan ya koma mazauninsa ya rufu, ban da fizge waya daga soket.

Mai Hoto na Sabon Gari: Wannan kam haka ne. In toshewar kake tsoro, duba Canon G540. Ita ma shida ce, amma ƙarin nata ja ne da ruwan toka, kuma ana iya cire kan a sa sabo a gida. Jan nan zai yi maka amfani a kan rawunan dogarai da kayan dawaki.

Malam na Kongo: Ka dawo kan shida dai. Ka gaya masa kuma tawadar waɗannan duka rini ce, rana na cin ta. Ko shida ko huɗu, in ya liƙa hoto a bango kusa da taga ba gilashi, zai koɗe.

Ɗan Samaru: Wutar fa? Ƙaramar inbata ce da ni.

Malam na Kongo: Za ta ɗauka, ba ta kai fankar sama cin wuta ba. Mai leza ce ke jan wuta, ita kuma ba ta hoto ba ce.

Ɗan Samaru: To ga shawara. Ranar Asabar zan kawo hoto ɗaya, Alhaji ya buga a tasa, Malam ya buga a tasa, mu ɗora su a gefe guda Hajiya ta zaɓa ba tare da ta san na wane ba ne.

Mai Hoto na Sabon Gari: Na yarda, amma ya zama hoton fuska, kuma cikakken A4.

Malam na Kongo: 4 da 6 muka ce. Kuma ka zo da takardarka, kada Alhaji ya sa tasa mai tsada.