Shin sai babban inji ne yake iya yanka itacen girki?

Mai gidan burodi, Zariya: Assalamu alaikum. Ina so in sayi injin yankan itace domin gumagumai da ake kawo mini na murhun burodi, mafi yawansu marke ne da darbejiya, kuma kewayen kaurinsu bai cika wuce kamu biyu ba. Wani afareta, wato mai sana'ar yanka itace da inji mai sarƙa, ya ce mini duk injin da bai kai Stihl 070 na kamfanin Jamus ba asarar kuɗi ne a ƙasar nan, saboda itatuwanmu suna da tauri. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin.

Afareta, Saminaka: Wa alaikumus salam, Alhaji. Wanda ya faɗa maka haka ya san daji. Injin 070 yana da cc 105 da ɗoriya (cc shi ne ma'aunin girman cikin inji), ba ya gajiya, kuma idan ka ɗora shi a kan ƙirya ko busasshen marke zai ratsa ba tare da ya shaƙe ba. Abin da ya fi wannan muhimmanci a wurina shi ne, babu garin da ake sana'ar katako da za ka rasa makaniken da ya san cikinsa, ko ka rasa fistan da sarƙarsa a kasuwa. Ƙaramin inji kuwa, ranar da ya tsaya sai ka yi ta yawo da shi.

Makanike, Sabon Garin Kano: Malam afareta, ina girmama ƙwarewarka, amma ka amsa tambayar da ba a yi ba. An san 070 da tsaga katako, wato a kwantar da babbar bishiya a bi ta a tsawonta ana fitar da alluna, kuma a wannan aikin lallai ana bukatar ƙarfinsa. Alhaji kuwa datsa gungume zai yi a gicciye, guntu-guntu, yadda zai shiga murhu. Wannan injin ya haura kilo 10 tun kafin a ɗaura masa ƙarfen sarƙa, wato dogon ƙarfen da sarƙar yanka take zagayawa a kansa, a zuba masa mai. Yaron da zai wuni yana ɗaga shi yana saukewa, kafin la'asar hannuwansa sun mutu, kuma mutumin da ya gaji shi ne yake sare ƙafarsa. Ga shi tankinsa yana ɗaukar fetur fiye da lita ɗaya, yana kuma shanye shi da sauri, alhali tun da aka cire tallafi a 2023 babu mai sana'ar da ba ya lissafin kowace lita. A ganina inji mai cc 45 zuwa 60, da ƙarfen sarƙa na inci 16 zuwa 20, ya ishi wannan aiki. Stihl MS 250, misali, cc 45 ne, nauyinsa kuma bai kai kilo 5 ba. Idan ana yawan kawo manyan gumagumai, sai a matsa zuwa Stihl MS 382 ko Husqvarna 372 XP na kamfanin Suwidin, waɗanda suke wajen cc 70, kuma har yanzu sun fi 070 sauƙin ɗauka nesa ba kusa ba.

Afareta, Saminaka: Lissafin takarda daban, aikin daji daban. Na sha ganin ƙananan injunan nan suna hayaƙi a cikin marke, sarƙar tana ta juyawa amma ba ta ci.

Makanike, Sabon Garin Kano: Abin da ka gani dakushewar sarƙa ce, ba ƙarancin ƙarfi ba. Sarƙa mai kaifi tana fitar da ɓarɓashi manya-manya, tana kuma jan kanta cikin itace. Idan ka ga tana fitar da gari kamar tsaki mai laushi, har sai an danna ta da ƙarfi, to lokacin wasawa ya yi. Itacen da aka ja a ƙasa yana zuwa da yashi a ɓawonsa, kuma taɓa ƙasa sau ɗaya ya isa ya kashe kaifin haƙoran. Babban inji yana ɓoye wannan laifin ne kawai saboda yana tura dakusasshiyar sarƙa da ƙarfin tsiya. A samu magagari mai zagaye daidai da girman haƙorin, a wasa a kusurwar da ta kai wajen digiri 30, za a ga bambanci nan take.

Manomi mai gonar turare, Katsina: Ni ina da ja da ku duka biyun, domin kuna magana kamar kowa yana da kuɗin injin Jamus ko na Suwidin. Na China mai cc 52 ko 58 nake amfani da shi wajen rage rassan turare da darbejiya, kuma yana yi mini. Wanda aikinsa na lokaci-lokaci ne bai kamata a tsorata shi ba. Abin da zan ja kunne a kai shi ne haɗin mai. Waɗannan injuna ba su da wurin zuba man inji daban, a cikin fetur ake gauraya shi. Stihl ya ce kashi 1 cikin 50 idan da man da aka yi domin irin wannan inji ne, wato mililita 20 a lita ɗaya, yawancin na China kuma an rubuta musu 1 cikin 25, wato mililita 40. Wanda ya zuba fetur zalla, ko na wace ƙasa injinsa yake, zai ƙone fistan a ranar.

Makanike, Sabon Garin Kano: Maganar mai gaskiya ce, Malam, amma gidan burodi kullum yake hura wuta, ba kamar gonarka ba. Na China da yake ɗauke da sunansa ban ƙi shi ba, an san abin da aka saya. Wanda yake cutar mutane shi ne jabun da aka yi wa fenti ruwan lemo aka manna masa sunan Stihl, kuma 070 ɗin da ake yabo yana cikin waɗanda aka fi kwaikwaya. Idan aka ce maka sabo ne dal amma farashinsa rabin wanda aka sani, ka tashi daga shagon.

Tsohon ma'aikacin gandun daji, Bauchi: Akwai abin da ban ji an ambata ba, kuma shi ne ya sa nake goyon bayan makanike. Idan saman bakin ƙarfen sarƙa ya taɓa wani itace, injin yakan zabura ya yo baya ya nufi fuskar mai riƙe da shi, kuma wannan ya fi faruwa a inda aka tara gumagumai kan juna, wato daidai irin wurin da Alhaji zai yi aiki. Injunan zamani suna da birki a gaban hannun hagu wanda yake tsayar da sarƙa idan hakan ta faru, shi kuwa 070 tsohon ƙira ne, ba shi da wannan birki. Ƙwararre kamar afareta ya san yadda zai kauce, amma yaron gidan burodi da bai taɓa riƙe inji ba fa? Sannan, Alhaji, ka tsaya a kan gumaguman da ake kawo maka. Ranar da ka yi niyyar kayar da bishiya a tsaye, ka fara neman izinin hukumar gandun daji ta yankinku.

Afareta, Saminaka: Maganar birki na karɓa, Baba, ba zan ba sabon hannu 070 ba. Amma ban janye batun kayan gyara ba.

Mai gidan burodi, Zariya: Na gode muku, Allah ya saka da alheri. Zan fara zagaya masu gyara a nan Zariya in ji wane matsakaicin inji ne suke da sarƙarsa da fistansa a hannu, sannan in yanke shawara. Malam makanike, man shafa wa sarƙa fa, baƙin man da aka juye daga mota zai yi?

Makanike, Sabon Garin Kano: Ana yi, amma kada ka yi, Alhaji. Yana ɗauke da ƙurar ƙarfe da take cinye famfon mai da ƙarfen sarƙa. Ka sayi sabon mai, kuma a lokacin hunturu ka riƙa kakkaɓe matatar iska kowace yamma.