Don Allah wane memori zan saya wa kyamarata?

Sabuwar Shiga: Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da warhaka. Don Allah shawara nake nema. Na samu kyamara kwanan nan, Sony a6400, ina so in yi odar kayanta ta intanet, memori da batir na biyu da abin ɗora ta mai ƙafa uku. To da na shiga duba memorin sai kaina ya ɗaure wlh, kowane kati rubutu birjik a jikinsa, wani V30 wani U3 wani A2, wani an rubuta 200MB/s da manyan baƙi. Kuma na ga wani mai 512GB da kuɗinsa bai ma kai na mai 64GB na wani kamfanin ba, shi ne nake cewa ko shi zan ɗauka in huta? Hoto nake yi da ɗan bidiyo.

Mai Hoton Taro: Wa alaikumus salam ƙanwata. Wannan mai 512 ɗin ki rufe shafin kawai, kada ma ki sake kallonsa. Jabu ne.

Sabuwar Shiga: Yaya ai na ga taurari biyar aka ba shi, mutane da yawa sun yaba

Injiniyan Zaure: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa bari in miki bayanin yadda abin yake, sai ki gane dalilin da ya sa taurarin nan ba su da amfani a kan memori. A cikin kowane kati akwai ma'ajiyar da bayanai ke zama, akwai kuma wata 'yar ƙwaƙwalwa da take faɗa wa kyamara ko kwamfuta girman katin. Masu yin na bogi sai su ɗauko ƙaramin kati, a ce mai 16GB, su sauya abin da ƙwaƙwalwar take faɗa, sai ta riƙa cewa ni 512GB ce. Kin saka a kwamfuta za ta nuna miki 512 cif, kin yi hoto ashirin talatin duk za su buɗe lafiya lau, a lokacin nan ne mai saye yake komawa ya ba da taurari biyar yana murna. Matsalar sai ranar da kika wuce ainihin girman katin, daga nan ko dai ya riƙa rubuta sabo a kan tsohon ko kuma sabon ya tafi a iska, sunayen hotunan suna nan a jere amma kin danna ba abin da zai buɗe. Kuma irin wannan asarar babu manhajar da za ta dawo miki da ita tunda tun farko ba a ajiye hoton a ko'ina ba.

Anti Mai Bidiyo: Gsky ne wannan. Ni na ga wata abokiyar aikina da ta dawo daga ɗaukar taro, rabin farko na bidiyon yana yi, rabin ƙarshe ko buɗewa ba ya yi, ta zauna gaban kwamfuta tana danna fayil ɗaya bayan ɗaya hannunta na rawa. Kwalin katin da ta saya kuwa in kin gan shi ba za ki ce ba na kamfani ba ne, har da ɗan ƙyalƙyalin nan. Shi ya sa ni yanzu ba kwali nake kallo ba, wanda ya sayar nake kallo.

Sabuwar Shiga: Innalillahi. To Anti ta yaya zan gane mai sayarwar?

Anti Mai Bidiyo: Yawancin manyan shafukan nan kasuwa ce, ba su kaɗai ke sayarwa a ciki ba, kowa na iya buɗe rumfarsa. A ƙarƙashin kayan ko gefen wurin da ake danna saye za ki ga an rubuta sunan wanda ke sayarwa da wanda zai aiko. Ki nemi wanda shagon kamfanin ne da kansa ko dillalin da kamfanin ya amince da shi, yawanci kamfanonin suna jera sunayen dillalansu a shafinsu. Sannan in za ki karanta abin da masu saye suka rubuta ki fara da masu tauraro ɗaya da biyu, can ne ake faɗin gaskiya. Ki kuma duba ko sharhin na wannan kayan ne, don wasu sukan ɗauki tsohon shafin wani kaya daban da ya tara yabo su canza hoto da suna, sai ki ga ana yabon murfin waya a ƙarƙashin memori. Na ƙarshe ki tabbatar suna karɓar kaya in an mayar, kuma ki san kwana nawa suka bayar.

Injiniyan Zaure: Kuma ko daga wurin wa kika saya, ranar da ya iso ki gwada shi kafin ya shiga kyamara. In Windows gare ki ki sauke H2testw, kyauta ce, in Mac ko Linux ne akwai F3. Abin da suke yi shi ne su cika katin maƙil da bayanai sannan su karanto su ɗaya bayan ɗaya, in akwai inda ya yi ƙarya za su nuna, kuma za ki ga ainihin saurin rubutunsa a nan. Yana ɗaukar lokaci, babban kati zai iya cin sa'o'i, ki bar shi ya gama. Abu ɗaya kada ya tsorata ki, sabon kati mai 128GB kwamfuta za ta nuna kamar 119, mai 64 kuma wajen 59, wannan ba cuta ba ce, kamfani da 1000 yake lissafi kwamfuta kuma da 1024.

Ɗan Autan Zaure: Malam Injiniya ni fa rubutun jikin katin ne har yau ban gane ba, a yi mana bayani mu ma mu ƙaru

Injiniyan Zaure: Toh. Babbar lambar nan da suke sawa a gaba, 170 ko 200MB/s, saurin karantawa ne, wato lokacin da kake kwashe hotuna zuwa kwamfuta, kuma ma iyakar abin da zai iya kaiwa ne in komai ya yi daidai. Kyamara ba wannan ne damuwarta ba, ita rubutawa take yi. Lambar da ke nuna rubutu ita ce mai V, V30 na nufin ba zai yi ƙasa da 30MB a daƙiƙa ba, V60 60, V90 90. U3 ɗin nan da ke cikin wani abu kamar kofi daidai yake da V30, U1 da 10 ɗin da ke cikin C kuma 10MB ne kawai. A1 da A2 na waya ne, don gudanar da manhajoji a kan katin, mai kyamara ya manta da su. Duk waɗannan alamomin ƙungiyar SD Association ce ta tsara su, wadda Panasonic da SanDisk da Toshiba suka kafa a 2000.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne kyamara da megabit take lissafin bidiyo, kati kuma da megabait, sai ka raba da 8. Kyamarar 'yar'uwar nan 4K ɗinta 100 megabit ne, ka raba ya ba ka 12.5MB a daƙiƙa, kenan V30 ya ishe ta har da rara. Kuma da wannan lissafin awa ɗaya na bidiyo zai ci wajen 45GB, sai ki san girman da za ki nema.

Mai Hoton Taro: Ni dai shawarata ta sayi V60 ko V90 gaba ɗaya, sayen na gari mayar da kuɗi gida.

Injiniyan Zaure: Yaya a nan kam ban bi ka ba. Katunan V60 da V90 UHS-II ne, in ka juya bayansu za ka ga layi biyu na ƙarfen nan mai ruwan gwal, to a6400 layi ɗaya take taɓawa, UHS-I ce. Katin zai yi aiki amma da saurin layi ɗaya, kuɗin layi na biyun ya tafi a banza. Kai da kake da kyamara mai ɗaukar bidiyo mai nauyi irin 400 megabit, wato 50MB a daƙiƙa, dole ne V60 a wurinka, ita ba ta kai can ba.

Mai Hoton Taro: Na ji, amma ai ba za ta dawwama da wannan kyamarar ba, kuma wurin kwashewa a kwamfuta akwai bambanci sosai in kana da rida mai UHS-II, wato 'yar na'urar da ake saka kati a jona da kwamfuta. Ni in na dawo aiki da daddare da hotuna dubbai wannan saurin nake so.

Anti Mai Bidiyo: Kyamarar da za ta saya nan gaba wa ya san irin katin da za ta ci? Manyan Sony na yanzu suna ɗaukar wani irin kati daban, CFexpress nau'in A, Canon R5 da Nikon Z8 nau'in B, ba sa ma shiga ramin juna. Ta sayi abin da ya dace da ta hannunta yanzu. Ƙanwata ki ɗauki V30 guda biyu, 64 ko 128, na kamfanin da aka sani, SanDisk Extreme Pro ko Lexar ko Kingston Canvas ko Samsung, duk na yi aiki da irinsu. Guda biyu na ce da gangan, kyamarar taki rami ɗaya gare ta, babu kati na biyu da ke kwafar aikin, in kika zuba komai a kati ɗaya babba ya samu matsala shi kenan. Kuma ki sayi babban SD ɗin kansa, ba ƙaramin na waya da ake sakawa a adafta ba, yana aiki amma adaftar ƙarin wurin lalacewa ce, robarta ba ta da ƙwari.

Ɗan Autan Zaure: Ni 32GB nake amfani da shi kuma bidiyona yana rarrabuwa gida-gida, ko shi ma jabu ne?

Injiniyan Zaure: A'a ƙanena, ba lallai ba. Kati daga 4GB zuwa 32GB SDHC ne, tsarinsa FAT32, shi kuma ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce 4GB, sai kyamara ta riƙa yanka maka. Daga 64GB zuwa sama SDXC ne mai exFAT, babu wannan iyakar. Amma ka gwada shi da H2testw ɗin duk da haka, bayan ka kwashe abin da ke ciki.

Sabuwar Shiga: Allah ya saka da alheri, na fahimta sosai yanzu. Batirin fa? Na ga wasu biyu da caja a haɗe, an rubuta sun fi na kamfani ƙarfi

Mai Hoton Taro: Batirin taki NP-FW50 ne, na asalin 1020mAh ne. In kin ga wani mai girma iri ɗaya an rubuta ya ninka haka ki san rubutu ne kawai, ina za a cusa ƙarin a wannan ɗan gidan? Ba na ce duk na wasu kamfanoni ba su da kyau ba, akwai masu suna da suke sa sunansu a jiki kuma suna aiki, sai dai sukan riga na asali mutuwa kuma wani lokacin lissafin cajin da kyamara ke nunawa ba ya zama daidai, kina ganin saura 30 sai ta ɗauke. Wanda nake tsoro shi ne wanda aka buga masa sunan kamfanin kyamarar alhali ba nasu ba ne. Kuma duk batirin da kika ga ya fara kumbura, ko kika ji yana tirjewa wurin fitowa, ki daina saka shi, in ya maƙale a ciki aiki ne babba. Ni a wurina ɗaya na asali ya fi biyu na shakka. Caja ta waje kam ki saya, don ki riƙa cajin ɗaya kina aiki da ɗaya.

Anti Mai Bidiyo: Mai ƙafa uku kuma ki duba nauyin da aka ce yana ɗauka, ki zaɓi wanda ya fi nauyin kyamararki da lens nesa ba kusa ba. Na hoto kansa dunƙule ne mai juyawa ko'ina, in bidiyo za ki fi yi ki nemi mai hannu da yake tafiya a hankali ba fizga. Sukurun da ake ɗaurewa a ƙasan kyamara kusan duk iri ɗaya ne, wannan ba damuwa. In za ki sayi filta ki duba gaban lens ko cikin murfinsa, akwai da'ira da aka ja wa layi sai lamba, in ƙaramin 16-50 ɗin da yake zuwa da ita ne 40.5 ne. Makirfo kuma ki kalli bakin wayar, mai zobe biyu baƙaƙe na kyamara ne, mai uku na waya, mutane da yawa suna mayar da makirfo lafiyayye saboda wannan.

Ɗan Autan Zaure: Anti wannan na makirfo ya amfane ni wlh

Injiniyan Zaure: Ƙarin abu kan kula da katin in ya zo. Bayan gwaji ki yi masa fomat, wato share shi gaba ɗaya, a cikin kyamarar kanta ba a kwamfuta ba, kuma duk sanda kika kwashe aiki kika tabbatar yana wuri biyu, ki sake fomat maimakon goge hotuna ɗai-ɗai. Kada ki zare shi fitilar rubutu tana ci, kada ki bari batir ya mutu ana tsakiyar ɗauka. In tsautsayi ya sa kika goge abu ko kati ya ce sai an yi fomat, ki cire shi nan take kada ki ƙara ɗaukar ko hoto ɗaya, PhotoRec kyauta ce kuma sau da yawa tana dawo da su matuƙar ba a rubuta wani abu a kai ba.

Sabuwar Shiga: Toh na sa 128 guda biyu V30 a kwando daga shagon kamfanin, da batir ɗaya na asali da caja. Mai ƙafa ukun zan ƙara dubawa tukuna. Malam Injiniya kwamfutata ba ta da ramin kati, kowace rida zan saya?

Injiniyan Zaure: Ki nemi mai USB 3, yawanci cikin bakinta shuɗi ne. Mai USB 2 za ta yi aiki amma ba ta wuce wajen 35 zuwa 40MB a daƙiƙa, sai gwajin ya nuna miki kamar katin ne ba shi da sauri. In kin gama gwajin ki ɗauko hoton sakamakon ki turo nan mu duba tare.