Neman kalma: madubin nan mai ido biyu, da tsohon samfurinsa na Porro

Mai Shirin Rediyo: Assalamu alaikum. Malamai a taimaka mini, lokaci ya ƙure. Ranar Alhamis da safe zan ɗauki shiri na minti 20 a kan abin nan mai ido biyu da sojoji da masu kallon tsuntsaye ke ratayawa a wuya. Azumi ya matso, masu sauraro sai tambaya suke wanne ya kamata su saya don neman jinjirin wata. Baƙon da na gayyato ya san abin ciki da bai, amma da Turanci ya koye shi. Kalma huɗu nake nema: sunan abin kansa, sunan tsohon samfurin da ake kira Porro, sunan guntun gilashi mai kusurwa uku da ke cikinsa, da sunan 'yar da'irar hasken da ake gani a gilashin ido in an riƙe shi nesa da fuska. Na rubuta "madubin hangen nesa mai ido biyu", sai ga shi sau 11 a shafi guda. Harshena ya gaji tun ban shiga ɗakin ɗauka ba.

Tsohon Soja: Wa alaikumus salam 'yata. Mu a bariki bainakula muke cewa, kuma ban taɓa jin kurtun da ya ce bai gane ba. Faɗi haka ki huta.

Malamin Nahawu: Mahangi. Gaɓa uku, kuma a kan tsarin da kowa ya sani: mabuɗi, magogi, madubi, ma'auni. Jam'insa mahangai.

Ɗan Damagaram: Mu nan jumel ake cewa, daga Faransanci, ma'anarta tagwaye mata. In ana son Hausa zalla a ce tagwayen madubi, don shi ne ya raba shi da mai ido ɗaya na kallon taurari.

Maƙerin Kalma: Duk ku dakata. Jawo-nesa. Shi ke nan. Bahaushe ya riga ya ce nesa ta zo kusa, kuma ga amsa-kuwwa, ga dafa-duka, ga hana-salla. Ko tsohuwa a ƙauye ta ji jawo-nesa ta san aikinsa. Shekara uku ke nan ina kiransa haka a gidana.

Ɗan Damagaram: Wayar salula ma jawo nesa take yi. Talabijin ma haka.

Maƙerin Kalma: Ai sun riga sun sami suna, su bar wa maraya.

Mai Shirin Rediyo: Allah gafarta Malam, mahangi ya yi mini daɗi a baki. Tsorona kada a ɗauka mutumin da ke hangen nake nufi.

Malamin Nahawu: A takarda ne wannan ruɗanin yake, Hajiya, ke kuwa da murya za ki yi aiki. Ki ɗaga sautin gaɓoɓin duka uku, kamar yadda kike faɗin mabuɗi, kayan aiki ke nan. In kika sauke na tsakiya, kamar a manomi, ya zama mutum. Haka ma'auni na awo da ma'auni mai sayar da hatsi suke zaune tare ba faɗa. Abin da za ki kiyaye kawai shi ne jam'i: mahangai, kada ki ce mahanga, don 'yan jarida sun riga sun mayar da ita ra'ayi.

Almajirin Ƙamus: Ni abin da ke ba ni takaici, ana neman kalma sai wani ya miƙo bainakula, wani jumel, kamar kakanninmu ba su bar mana komai ba. Minzari fa? Tsofaffin malamai da shi suke kiran gilashin karatu, kuma Larabawa har yau minzar suke ce wa wannan abin. A farfaɗo da ita.

Tsohon Soja: Malam, minzarin nan a wane gari na ƙasar Hausa aka haife shi?

Almajirin Ƙamus: Ranka ya daɗe, kalmar da ta yi ɗaruruwan shekaru a zaure ba ɗaya take da wadda ta sauka daga mota jiya ba. Kuma in asali ake bi, Ibnul Haisam ya rubuta Kitabul Manazir a kan haske da gani kusan shekara dubu da suka wuce. Tushen kalmar ɗaya ne da minzari. Me zai sa mu tsallake shi mu je muna kiran sunan wani Bature a gidan rediyon Hausa? A cire Porro ɗin ma gaba ɗaya.

Ɗan Damagaram: In aron ya zo daga gabas sai a shimfiɗa masa buzu, in daga Yamai ya biyo sai a ce gurɓata harshe ne. Mun saba. Kullum Hausar da aka buga a Kano da Zariya ita ce Hausa, tamu kuwa "wani kari".

Malamin Nahawu: Ba wanda ya ambaci Kano a nan sai kai.

Ɗan Damagaram: Ai ba sai an ambata ba.

Malamar Kimiyya: Ku yi haƙuri in sa baki, don na ga ana faɗa a kan sunan yaron da ba a duba fuskarsa ba. Porro sunan mutum ne, Ignazio Porro, ɗan Italiya, wanda ya yi rajistar wannan dabara a 1854. Ba a fassara shi, kamar yadda muke cewa dizal ba mu damu da cewa sunan wani Bajamushe ba ne. Shi Porro bai ci moriyar abin sosai ba. Sai a 1894 kamfanin Zeiss da ke Jena a Jamus ya fara sayar da masu kyau, bayan masanin kimiyyar kamfanin, Ernst Abbe, ya sake gano dabarar kuma an sami gilashi mai tsabta.

Ga aikin. Gilashin gaba yana kawo hoto a kife, sama ta koma ƙasa, dama ta koma hagu. A kowane ɓangare akwai guntun gilashi biyu masu kusurwa uku. Haske yana shiga, ya bugi bangon gilashin daga ciki ya dawo, sau huɗu, kafin ya iso ido hoton ya miƙe. Da yake hanyar hasken ta yi gwiwa, gilashin gaba ba ya kan layi ɗaya da na ido, ya fita gefe. Shi ya sa jikin abin yake da faɗi daga tsakiya, kamar mutum mai kafaɗa. Ɗaya samfurin, wanda Turawa suka ba sunan rufin ɗaki saboda siffar gilashin cikinsa, bututu biyu ne miƙaƙƙu.

Mai Gyaran Kyamara: Malama kin gama magana ba ki sani ba. Mai kafaɗa da miƙaƙƙe. Ni a shago in mutum ya kawo gyara haka nake tambayar yarona, "mai kafaɗar nan ko siririn?" Wanda zai shiga kasuwa ba zai buɗe ciki ya ga gilashi ba, siffa zai gani.

Malamin Nahawu: Mahangi mai kafaɗa. Ba ni da ja.

Maƙerin Kalma: Jawo-nesa mai kafaɗa ya fi daɗi.

Mai Shirin Rediyo: Na rubuta mai kafaɗa. To amma baƙona ya dage cewa in kuɗin mutum kaɗan ne ya sayi wannan tsohon yayin. Na ɗauka son tsohon kaya ne kawai irin na dattawa.

Malamar Kimiyya: Yana da hujja. A mai kafaɗa hasken da kansa yake dawowa gaba ɗaya daga bangon gilashin, ba a buƙatar shafa masa komai. A yawancin miƙaƙƙu sai an yi wa fuska ɗaya shafe irin na madubi, sannan gefen rufin yana raba hasken biyu, su haɗu ba su daidaita ba, hoto ya ɗan dushe. Sai a 1988 Zeiss ya fito da shafen da ke gyara wannan, kuma yana ƙara kuɗi. Saboda haka in farashi ɗaya ne kuma mai sauƙi, galibi mai kafaɗa ya fi haske da kaifi. Ƙari kuma, tazarar gilasan gabansa ta fi ta idon mutum, sai ka ga bishiyar gaba ta rabu da ta baya sosai, abin ya yi zurfi.

Mai Kallon Tsuntsaye: Gaskiya ne, amma Hajiya ki faɗa musu aibinsa. Ni a fadamun Haɗeja da Nguru nake yawo. Mai kafaɗa yana da nauyi da girma, kuma a yawancinsu in ka murza saiti gilasan ido ne ke shiga da fita, suna zuƙo ƙurar hunturu, da damina kuma raɓa. Nawa na farko shekara biyu ya yi, fumfuna ta yi masa saƙa a ciki. Sannan in ya faɗi, guntayen gilashin nan suna gocewa.

Mai Gyaran Kyamara: Gocewar nan ita ce rabin aikin da ake kawo mini. Ga gwajin da za a yi tun a gaban mai kaya. Ka kalli layin waya ko bakin rufin kwano daga nesa, ka janye abin kaɗan daga fuskarka idanu biyu a buɗe. In layin ya karye, ɓangare ɗaya ya hau ɗaya ya sauka, ajiye masa kayansa. Ido zai yi ta ƙoƙarin haɗa su, minti goma kai ya ɗau ciwo. Na biyu, ka ɗaga shi wajen haske, tsawon hannu daga fuskarka, ka dubi da'irar nan da Hajiya ke nema wa suna. In ta fito zagayayya tas, mai haske har baki, alama ce mai kyau, irin abin da nau'in gilashin da ake kira BaK-4 ke bayarwa. In gefunanta huɗu sun yi inuwa kamar an yanke, nau'in gilashin da ake kira BK-7 ne ko kuwa an yi rowar gilashi. Kada a yarda da rubutun jiki, a yarda da da'irar. Na uku, masu jan gilashin gaba kamar jan alawa, da masu lambobin ƙarya, a guje su. Wani ya kawo mini wanda aka rubuta wa 60x60, wai faɗin gilashin gabansa milimita 60, na auna gilashin gaban bai kai milimita 40 ba.

Almajirin Ƙamus: Kun mayar da zauren harshe shagon gyara.

Mai Gyaran Kyamara: Allah gafarta Malam, a shagon ake yanka wa kaya ragon suna.

Malamin Nahawu: Da'irar a ce ƙwayar haske, ta yi daidai da ƙwayar ido da take shiga.

Tsohon Soja: Ƙwaya a rediyo? Sai an kira 'yata a tambaye ta wace iri take talla.

Malamar Kimiyya: Ɗigon haske, to. Kuma lissafinsa ba wuya. A lambobi biyun da ake rubutawa a jikin abin, irin su 7x50, ta farko yawan kusantarwa ce, ta biyu faɗin gilashin gaba a milimita. Raba ta biyu da ta farko. 7x50 yana ba da ɗigo mai milimita 7 da ɗan kai, 10x50 yana ba da 5, 8x30 bai kai 4 ba. Baƙin tsakiyar idon matashi yana buɗewa zuwa wajen milimita 7 a duhu, na dattijo sau da yawa wajen 5 yake tsayawa, ragowar hasken a banza yake zuba. Don neman wata da magariba 7x50 ko 10x50 sun isa. Abin da ya haura 10 hannu ba ya riƙe shi ba rawa. Hajiya, wannan kuma ki maimaita sau biyu: kada kowa ya ɗaga shi yamma sai rana ta faɗi gaba ɗaya. Kallo ɗaya ya isa ya ƙona ido.

Tsohon Soja: Wato dai an ce da ni in bar wa jikoki 7x50 ɗina.

Almajirin Ƙamus: Ko ya halatta ma a kafa shaidar ganin wata da na'ura, wannan wata magana ce.

Mai Shirin Rediyo: Malam don Allah kada mu buɗe wannan ƙofar, ta malamai ce da fadar Sarkin Musulmi. Saura guntun gilashin.

Malamin Nahawu: Majuyin haske.

Malamar Kimiyya: A cikin mahangi ya yi. Amma a aji da irinsa nake fasa haske ya ba da launukan bakan gizo, can ba juyi yake yi ba. In kuka sa wa yara majuyi, ni za ku bar wa aiki. Firizim nake cewa, in bi shi da gilashi mai kusurwa uku.

Almajirin Ƙamus: Firizim! Kamar sunan firji. Larabawa manshur suke cewa.

Ɗan Damagaram: Ga shi nan kuma, an sake shimfiɗa buzu.

Maƙerin Kalma: Karya-haske. Kuma har yanzu ba wanda ya kawo hujja a kan jawo-nesa in ban da hassada.

Mai Shirin Rediyo: Na gode ƙwarai, dare ya yi. Ga abin da zan shiga da shi. Farkon shiri: madubin hangen nesa mai ido biyu, wanda wasu ke kira bainakula, a Nijar jumel. Daga nan mahangi har ƙarshe. Mai kafaɗa, wato samfurin Porro, zan faɗi sunan mutumin sau ɗaya. Miƙaƙƙe. Ɗigon haske. Guntun gilashin kuwa zan ce gilashi mai kusurwa uku in wuce, tunda kun kasa shiryawa.

Almajirin Ƙamus: Mahangi dai ba laifi, ko da yake minzari ta girme shi. Bainakular nan ce ban ga abin da ta zo yi ba. Zan saurara.

Maƙerin Kalma: Hajiya ko sau ɗaya ne ki jefa jawo-nesa, ki ga in ba a bugo waya ba.

Mai Shirin Rediyo: An ɗauka da safen nan. Baƙon ya karɓi mai kafaɗa nan take, har ya riƙa faɗa kamar tasa ce. Mahangi sau biyu ya faɗa, ya koma bainakula. Firizim kuwa na ƙirga sau bakwai, na yanke huɗu, uku sun maƙale a tsakiyar jimla.

Tsohon Soja: Mai gyara, na yi gwajin layin wayar da nawa. Waya biyu nake gani. Yaushe kake buɗe shago?