Wace kalmar Hausa za mu ba «nappe»?

Assalamu alaikum, malamai da masu aikin fassara a gidajen rediyon Damagaram. Duk lokacin da aka taso da maganar ƙarancin ruwa a wannan gari, injiniyoyi sukan ambaci kalmar Faransanci «nappe» ko «aquifère», mai fassara kuma ya ce kogin ƙarƙashin ƙasa. Ina roƙon mu bar wannan fassara, domin tana sa mai saurare ya ɗauka akwai wani kogi da ke malala a ƙarƙashin unguwannin Birni da Zongo, wanda sakaci kaɗai ya hana a haƙa a cim masa.

Wanda ya taɓa tona rairayin ƙorama da hannu a tsakiyar rani ya san gaskiyar abin. Yashin sama busasshe ne, na ƙasa yana da danshi, in aka ƙara zurfi kaɗan sai ruwa ya riƙa tsatsowa ta gefen ramin har ya taru a ɗiba da ƙoƙo. Ruwan yana zaune ne a tsakanin ƙwayoyin yashi da tsakuwa, yumɓu ko dutse kuma ya tare shi daga ƙasa. Wannan shimfiɗa mai riƙe ruwa ita ce muke nemar wa suna, kuma ita ce ta sa masu noman rake da garka a kwarin Korama suke samun ruwa a kusa.

Shi kuwa birnin Damagaram a kan dutsen giranit yake zaune, wanda masana ke kira «socle», irin duwatsun nan da suka ɓullo a tsakanin gidajen Birni. Wannan dutse ba ya shan ruwa sai ta inda ya tsage ko ya ruɓe, shi ya sa ake jawo ruwan fanfo daga nesa, daga Gogo da Macaya a kudu, da Arunguza da Ganaram a arewa. Har ma ana lissafa rashin ruwa cikin dalilan da suka sa Turawan mulkin mallaka suka mayar da babban birnin Nijar daga Damagaram zuwa Yamai a 1926. Ga «socle» ina ganin «dutsen tushe» ya isa.

Ga «nappe» kuwa, wani ɗan'uwa ya kawo shawarar «taskar ruwa». Malam, kalmar tana da daɗin ji, amma taska abu ne da mutum ya gina ya kulle, kuma za a rikita ta da tankin ruwan da ke tsaye a unguwa. Wani dattijo ya tuna mana «idon ruwa» da «jijiyar ruwa», waɗanda mahaƙa rijiya suka gada kaka da kakanni. Allah ya ƙara girma, Baba, waɗannan kalmomi ba za mu yar da su ba, sai dai kowace tana da gurbinta: ido shi ne wurin da ruwa ke ɓulɓulowa cikin rijiya, jijiya kuwa ta dace ƙwarai da tsagar dutsen tushe, inda foraj (rijiyar burtsatse) ɗaya zai dace da ruwa, na kusa da shi kuma ya fito a bushe.

Abin da na tsaya a kai shi ne «makwancin ruwa». Na ji masu cewa ruwan ƙasa yana tafiya, don haka bai kwanta ba. Gaskiya ne yana tafiya, amma a hankali ƙwarai, kuma kalmar wurin take nufi, wato inda ruwan yake samun mazauni. Tana kuma karɓar magana yadda Bahaushe yake so: makwanci ya sha ruwan damina, makwanci ya ja baya, makwanci ya gurɓata. Bayan haka za ta yi mana aiki a fannin ma'adinai, inda «gisement», wato wurin da ma'adini yake a ƙarƙashin ƙasa, ke ba mu wahala, sai mu ce makwancin man Agadem da matatar SORAZ ke tacewa tun 2011, ko makwancin uraniyom na Arlit, ko na kwal a Anu Araren.

Waɗanda ke Mirriya da Kance, don Allah ku gwada kalmar a gaban tsofaffin mahaƙa rijiya ba tare da kun yi musu bayani ba, ku rubuto mana abin da suka fahimta. In suna da wata wadda ta fi ta, tasu za mu ɗauka.