Koyon yaren Koriya da waya a ƙauye: ta ina zan fara?

Ɗan Ringim: Salamu alaikum. Ina son koyon yaren Koriya kyauta, amma sabis a garinmu sai an hau tudu, data kuma tsada. Ta ina zan kama?

Malam na Gumel: Wa alaikumus salam. Fara da Hangul, rubutun da Sarki Sejong ya ƙirƙiro a 1443. Baƙaƙe 14 ne da wasula 10, mako ɗaya ya ishe ka. Haruffan a dunƙule ake haɗa su gaɓa-gaɓa: ㅎ da ㅏ da ㄴ su ba ka 한, wato "han". Kada ka dogara da rubutun boko, nan ake yin tuntuɓe. Ana rubuta ㅓ da "eo", sai mutum ya karanta wasula biyu, alhali sauti ɗaya ne. Haka ㄲ, da ake rubutawa "kk", ba ƙ ɗinmu ba ne, kunne ne zai raba maka shi da ㄱ da ㅋ.

Yaya daga Bichi: Ƙanena, ranar kasuwa in ka samu sabis, sauke AnkiDroid, manhajar bitar kalmomi a waya, da katunan kalmomi, yana aiki ba intanet. Sababbin kalmomi goma a rana sun isa. In ka zuba hamsin, bita za ta taru maka kamar bashi. Cibiyar King Sejong mai koyar da yaren Koriya ma tana da darussa kyauta a intanet.

Malam na Gumel: Na manta: aikatau a ƙarshen jimla yake zuwa, "ni shinkafa ci". Kuma ka riƙe sigar ladabi da ke ƙarewa da 요, wato "yo", tukuna, kada ka yi wa babba maganar tsara.