Topoloji da Hausa, rami ne ko huji?

Jama'a ku taya ni neman kalma. Ina koyar da fizik a wani lise nan Tahoua, jiya na so in yi ma yara bayanin topoloji, fannin lissafi mai nazarin siffar abubuwa, wanda ya sa aka ba masana fizik Thouless da Haldane da Kosterlitz kyautar Nobel a 2016, Faransanci ya ƙi shiga kansu sam, sai na ce ku tashi mu fita fili.

'Yan mata suka riƙe hannu suka yi zobe kamar za su yi gaɗa. Suna juyawa zoben ya miƙe, ya lanƙwashe, wannan ta durƙusa waccan ta yi tsalle, amma filin tsakiya na nan, bai ɓace ba sai da ɗaya ta saki hannu. Abin kenan. Ka ja, ka matse, in dai ba ka yanke ko ka liƙe ba adadin huji ba ya canzawa. Irin wannan taurin kai ne ke sa a wasu kaya wutar lantarki ke bin gefe kawai, ko ta tarar da gurɓata ta kewaye ta wuce.

Wani babban malami ya ce mu ce ilimin rami. Malam ka yi haƙuri, ban yarda ba. Ƙwarya tana da rami amma ba ta da huji, a wannan ilimi ita da faifai abu ɗaya ne. Awarwaro huji ɗaya, kofi mai mariƙi ɗaya, wando biyu. Hausa ta riga ta raba kalmomin nan, don mi za mu cakuɗa su?

Sai dai ilimin huji ma bai isa ba. Ɗora kofin shayi a tafin hannu ka juya shi ta ƙarƙashin hammata, zagaye ɗaya hannu ya murɗe har kafaɗa ta yi zafi, ka ci gaba ta saman kai zagaye na biyu, digiri 720 kenan, hannu ya warware shayi bai zube ba. Masu rawa a Filifin na yin sa da kofi cike, kuma haka elektaron, 'yar ƙwayar da ke ɗauke da wutar lantarki, yake, sai zagaye biyu yake komawa yadda yake. Nan babu huji, murɗiya ce.

Wata ɗaliba ce ta ce Mushe (wato malam), ai ƙulli ne, tunda ba ya kwancewa da ja. Wallahi ta burge ni. Na tsaya kan ilimin ƙulli da huji, da shi zan shiga aji Litinin, mai wadda ta fi ya kawo kafin nan.