Zobo da riɗi daga Dawanau zuwa Jidda, ta ina ake fara takardu?

Ɗan Karantina:
Salamu alaikum jama'a, don Allah shawara nake nema. Shekara huɗu kenan ƙanina a Kano yana aiko min zobo da busasshiyar citta ta hannun masu zuwa umara, yau kilo goma gobe ashirin, in rabawa mata masu saida abinci nan Jidda. Yanzu wani mai shago a Bab Sharif ya ga zobon yace in zamu iya kwantena yana so har da riɗi. To mu fa bamu taɓa yin komai da takarda ba. Ana ta cewa gwamnati na taimakon masu fitar da kaya, da gaske ne ko a rediyo kawai?

Baba na Misfala:
Wa alaikumus salam ɗana. Taimakon yana nan, amma ba kuɗi za a ƙirga a damƙa maka ba, hanya ce ake share maka. Ƙaninka ya fara yiwa kamfani rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, sannan ya nemi satifiket ɗin NEPC, hukumar da aka kafa tun 1976 saboda masu fitar da kayan da ba fetur ba, suna da ofis a Kano kuma suna shirya bita wa sababbin shiga. Da wannan satifiket ɗin zai je banki ya cike fom NXP na fitar da kaya ya buɗe asusun dala, don kuɗin kayan ta nan zasu dawo cikin kwana 180, CBN bata wasa da wannan. Zobo da riɗi kuma sai NAQS, hukumar killace amfanin gona, ta duba ta bada takardar lafiyar amfanin gona. Bankin NEXIM na bada rance, amma sai sun ga jingina da tarihin ciniki, karon farko kar ya sa rai.

Maman Walida:
Yaya ni ɓangaren nan Saudiyya ne yafi damuna wallahi, kowa sai ya maida hankali kan Najeriya ya manta kaya fa sai sun fita daga tashar jirgin ruwan Jidda. Mai shagon nan shi ya kamata ya zama mai shigowa da sijil ɗinsa wato rajistar kasuwancinsa, yana da rajista a SFDA hukumar abinci da magunguna ta Saudiyya, a shigar da bayanan ta Fasah shafin shigo da kaya, a biya jamarik wato kwastam da harajin kashi 15. Kai in iƙamarka ta aiki ce kar ka yarda kuɗin su bi ta asusunka, laifin tasattur, wato baƙo ya yi kasuwanci a ɓoye ba izini, na iya kai mutum ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5. Mu an taɓa riƙe mana kaya sati uku saboda wanda ya haɗa mana buhunan bai sa rubutun Larabci da ranar ƙarewa ba, kuɗin ajiya kaɗai ya cinye ribar, har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Abu Sadik:
Baba da Anti sun gama magana, abu ɗaya zan ƙara: a kai kayan gwaji kafin a loda. Kun tuna 2015 Turai ta hana shigar waken Najeriya saboda fiya-fiya da ake zuba masa a sito, ƴan tsiraru suka yi amma kowa ya sha. Sannan ku yi lissafi da kyau, zobo da riɗin Sudan daga Port Sudan tsallaken teku ne kawai su iso Jidda, naku kuwa sai ya yi makonni daga Apapa. In kwantena ta fi ƙarfinsa ya haɗa da wasu a Dawanau, ya kuma leƙa tashar tsandauri ta Dala ya ji farashinsu.

Ɗan Karantina:
Allah ya saka da alheri. Gobe in sha Allah zan tambayi mai shagon ko yana da rajistar SFDA ɗin kafin yaron ya kashe ko naira. Baba, gwajin a Kano ake yi ko sai an kai Legas?